Ƙarar Gatari a Saƙon Mama

Anti Asama'u, ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. A unguwar Ƙurban nake zaune, nan Madina, mijina Abdussamad yana aiki a Yanbu. Ni 'yar gidan Kirista ce daga Kafanchan, na musulunta kafin aurenmu. Yanzu ina da cikin fari wata bakwai, an shirya in tafi gida goyon ciki wurin Mama.

Tun da ta ji zan zo, kullum sai ta turo saƙon murya tana karanta min daga littafinsu yadda Allah ya kashe 'ya'yan farin Masarawa, ba gidan da ba a yi kuka ba. Sai ta rufe da cewa Allah mai ƙauna ne. A bayan muryarta kuma ina jin ƙarar gatari, ba ta taɓa cewa ga abin da ake sara ba.

Da wannan littafin aka raine ni. Tun ina yarinya nake tambayar kaina, jariran me suka yi? Yaya mai ƙauna zai yi haka? Ko a Harami nake, yaron na motsawa sai gabana ya faɗi. Gargaɗi take min? In je ko in fasa?

Mai tsohon ciki, Ƙurban

'Yata, tambayarki ta girme mu duka. Malaman Yahudawa da na Kirista sun daɗe suna fama da ita. Wasu sun ce hukuncin ya zo ne bayan dogon gargaɗi ga sarkin da ya fara kashe jariran mutane, wasu sun yarda abin ya fi ƙarfin saninsu. Amma labarin Fir'auna ne, ba na cikinki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, uwar da ke tura irin wannan saƙo akwai ciwo a ranta, kuma yana iya fashewa kina tsakiyar jego. Ki kira ta baki da baki, ki gaya mata saƙon yana firgita ki. Ku tsayar da maganar suna tun yanzu. Ki ji ta bakin likita kan hawa jirgi. In ta ƙi dainawa, ki haihu a nan.

Gatarin kuwa, kin daɗe da barin gida. Ina kyautata zaton itacen dafa ruwan wankan jegonki ake faskarawa. Tsoro take kada Allah ya kama ki, shi ya sa take karatun, amma ba ta fasa tara miki itace ba.

Allah ya sauke ki lafiya.