Takardar Baba Maɗinki

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin filo, duk mun san wurin.

Kin ce na yi shiru. Yaya, ba aiki ne ya riƙe ni ba, kunya ce. Kin san binciken da nake yi a kan mutanen bayan gada, waɗanda Mama ke hana mu shan ruwa a kofinsu muna yara. Shekara biyu ina zarya unguwarsu da rikoda. Da farko ko kujera ba sa ba ni, sai da wani tsoho, Baba Maɗinki, ya ce a ƙyale ni, tambaya ba ta cizo. Shi ne ya buɗe aljihun kekensa na ɗinki ya fito min da wata takarda a naɗe cikin leda uku. Shafin tsohuwar rajista ne, mai hatimi, da ke nuna gidaje arba'in na kakanninsu suna wurin tun kafin a gina gadar. Ita kaɗai ta rage musu, sauran sun ƙone a rikicin nan da ba a son a ambata a gidanmu.

Ni da iyayina sai na ce masa gara za ta cinye ta, gwamma a kai ɗakin adana kayan tarihi na jami'armu. Wata uku ina lallashinsa. Ranar da na kai, aka miƙo min fom mai gurbi biyu, aro ko kyauta. Malamina ya ce aro sai kwamiti ya zauna, kyauta kuwa nan take ake karɓa a ba ta lamba. Ina saurin in sa lambar a babi na uku na kundin bincikena, na zaɓi kyauta. Ban gaya wa Baba ba.

Yanzu an shafa wa gidajensu jan fenti, za a rushe a faɗaɗa titi. Ofishin filaye ya ce duk mai hujjar zama ya kawo ranar Alhamis, ta asali, ba kwafi ba. Jiya Baba ya aiko 'yarsa in dawo masa da ajiyarsa. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na gode da faɗan, na cancanci fiye da haka.

Na faɗa wa Baba gaskiya. Ya sa hularsa muka tafi jami'a tare. Shugaban ɗakin ya karɓe ni da fara'a, ya ce kayan jami'a ba sa fita daga gini, amma kowa yana da damar shiga ya duba, muddin yana da katin shaida. Baba ba shi da kati. Sau huɗu yana nema ana ce masa ya kawo hujjar cewa shi ɗan ƙasa ne, hujjar kuwa ga ta can a ciki, bayan ƙofar da ba ta buɗuwa sai da kati.

Ni kaɗai na shiga. Ma'aikaciyar ta sa farar safar hannu kafin ta taɓa ta, har tana gargaɗina kada in matsa da numfashina, takardar da ta shekara sittin kusa da man keke ba abin da ya same ta. Na roƙe ta ta ɗaga ta a taga. Baba ya tsaya a waje cikin shukokin ado, yana kare rana da hannu yana leƙe, har mai gadi ya ce ya sauka daga kan furanni.

Na je wurin malamina ina kuka. Ya ce kada in haɗa bincike da gwagwarmaya, sannan ya ce in rubuta abin da ya faru, zai yi kyau a babin ƙarshe. Yaya, ban taɓa tsanar karatu ba sai ranar.

Alhamis na kai kwafi mai tambari uku. Jami'in ko warware shi bai yi ba.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Kada ku zo bikin kammalawa, ba zan je ba. An ba ni sakamako mafi girma, wani mai jarrabawa har ya ce na zama bakin marasa baki.

An rushe unguwar ranar Litinin. Na sami Baba a gefen titi ƙarƙashin tamfol, keken yana gabansa, katifa da tukwane a bayansa. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai ya share min benci da hannun rigarsa, ya tambaye ni ko ɗakin da takardar take yana yoyo. Na ce a'a. Ya ce akwai sanyi? Na ce dare da rana. Ba mai korarta? Na ce babu.

Ya zura zare a allura, ya ce, "To madalla, 'yata. Ko ba komai, ɗaya daga cikinmu ta sami wurin zama."

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta