In Ka Rataye, Ba Za a Wanke Ba

Litinin, 5 ga Mayu

Sabon wuri yau, otal ne. Ofishinmu ya turo ni in koya musu tattalin ruwa da wuta da rage shara, aikin da nake yi tun kafin in haifi Auta, amma har yau in dangi suka tambaye ni me nake yi sai in ce ina ofis. Manaja ya karɓe ni hannu bibbiyu. Don girmamawa ya kunna mini na'urar sanyaya ɗaki har biyu, ga taga a buɗe hanhai. Na haɗiye. Ranar farko ce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Taro da ma'aikata. Da na ce muna son abu mai ɗorewa, mai gadi ya shafa addu'a ya ce Allah ya sa ya ɗore, ya zaci aure zan yi. Da na ce tattali, a fuskokinsu na ga sun fassara shi da rowa. Kafin azahar sun raɗa mini suna, Anti Kashe-wuta. A kamfanin baya Madam Famfo ake ce mini, to an samu ci gaba.

Makogwarona ya bushe, ƙafata ta kumbura.

Laraba, 14 ga Mayu

Na sauka ɗakin wanki, can ƙasa bayan janareta. Ashe nan ruwan otal ɗin yake ƙarewa. Zafi kamar gidan burodi, tawul tsibi-tsibi, rabinsu ko jiƙewa ba su yi ba, an dai kwaso su ne saboda dokar gidan ta ce kullum a canza. Mata uku ke aikin. Babbarsu kowa Goggo yake ce mata, har manaja. Ta ɗaure ƙugu tamau da tsohon zanin gado saboda ciwon baya, yatsunta duk sun tsage don ruwan sabulu. Ita ke riƙe da 'ya'yan ɗanta da ya rasu, ta faɗa mini haka tana ninki, ko ɗagowa ba ta yi ba. A duk ginin nan ita kaɗai ta share mini kujera.

Na yi mata bayanin katin da nake so a liƙa a kowane banɗaki: in baƙo ya rataye tawul, zai sake amfani da shi, in ya yar a ƙasa, a wanke. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "'Yar nan, ina kika maƙale tuntuni? Bayan nan nawa ya daɗe yana roƙon Allah ya kawo ki." Na yi dariya, ta farko a makon nan.

Talata, 20 ga Mayu

An liƙa katin. A banza. Baƙi suna ratayewa, masu gyaran ɗakuna suna bi suna kwashewa, wai kada a ce musu malalata. Na yi magana da lalama, na yi da faɗa, kowacce ta ce to Anti, ina juya baya a ci gaba da gashi.

A gida kuma na kashe wa Baban yara fitila yana cikin wanka. Hannu ne ya saba. Ya fito da kumfa a kunne yana cewa shi ba otal ba ne, miji ne. Ban ma da ƙarfin ba da haƙuri.

Juma'a, 30 ga Mayu

Goggo ta yi abin da ya gagare ni. Duk tawul ɗin da aka sauko da shi a bushe, sai ta ninke ta hau sama da kanta, da bayan nan, ta danƙa wa wadda ta kwaso shi a gaban sauran. Na ji tana ce wa ɗaya, "Ke, uwar son aiki, in wankin kike marmari sauko ki yi." Kunya ta gyara su cikin 'yan kwanaki. Ni da hotunana na ɗumamar yanayi da narkewar ƙanƙara da na liƙa a bango ban taɓa motsa kowa haka ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Abu ya kama. Motar ruwa da take zuwa kusan kullum yanzu sai an kira ta. An lulluɓe injin wanki ɗaya da zani, ba a buƙatarsa. Na tarar da Goggo bayan la'asar ta miƙe ƙafa a kan kwandon wanki tana shafa mai a yatsu, ta nuna mini su ta ce sun fara zama na mutane.

Na rubuta rahoto da alfahari, ba zan ɓoye ba. Na ce wanki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, har layi na ja a ƙarƙashi. Manaja ya sa an ɗauke mu hoto a gaban injin da aka lulluɓe.

Litinin, 23 ga Yuni

Manaja ya kira ni. Ya buɗe rahoton, ya ɗora yatsa a kan layin da na ja. Wanki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, mata uku ne a ƙasa, lissafin ba ya buƙatar ɗan boko. Goggo za a sallama, ita ce mai shekaru, ga ciwon baya. Na ce ranka ya daɗe, ai ita ce ta sa abin ya yiwu. Ya ce, "Hajiya, ni fa ban ƙirƙiri komai ba, ke kika rubuta."

Na fito. Na tsaya a matakala, na rasa ko sama zan yi ko ƙasa.

Talata, 24 ga Yuni

Na koma masa da dabaru. A mai da ita mai kula da ware shara. Ko ta riƙa yanka tsofaffin zannuwan gado ana ɗinka jakunkunan wanki a maimakon leda. Ya saurara yana danna waya, ya ce shawara ce mai kyau, amma mai otal ya riga ya yanke.

Na kira shugabarmu a ofis. Ta ce ta tausaya, wallahi ta tausaya, amma mu ruwa da wuta aka ɗauke mu mu gyara, kada in ɓata mana da mutanen da za su kai mu wasu otal-otal. Na ce to ɗorewar ta wa ce, in mai wankin ba ta ɗore ba? Ta ce na gaji, in ɗauki hutun kwana biyu. Ta yi gaskiya, na gaji. Haushin kaina nake ji fiye da na kowa.

Alhamis, 3 ga Yuli

Tun ranar nake zagayawa ta ƙofar gaba don kada in bi ta bayan janareta. Babbar mace da ni.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ranarta ta ƙarshe. Na sauka. Na shirya magana tun daga gida, ina ganinta maganar ta watse. Ta kwance zanin ƙugunta tana ninkewa, wai na otal ne, ba za ta fita da shi ba. Na ce Goggo ki yafe mini. Ta ce, "Me kika yi? Bayan ne ya roƙi hutu, aka ba shi har da gyara." Ta yi dariya, ni na kasa.

Sai ta juya ga sauran biyun tana ja musu kunne, kada ta ji an daina mai da busasshen tawul sama, kada su bari aikin 'yar nan ya lalace. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 19 ga Yuli

Na nema mata wuri a asibitin da na yi wa aiki bara, da wata makarantar kwana. Dukkansu da sun ji shekarunta sai su ce za su kira. Yau na buga mata waya, ina jin ƙarar ruwa a bokiti. Wankau take yi wa mutanen layinsu, da hannu, a sunkuye. Ta ce in gaida Auta, ta ce kada in damu, ta ce bari ta je kada rana ta wuce ba ta yi shanya ba.

Baban yara ya ce ba laifina ba ne. Na ce na sani. Ya ce to ci abinci.

Laraba, 6 ga Agusta

Wani gari, taron masu irin aikinmu. An sauke mu a otal. Da safe na yi jawabi a kan nasarar da muka samu, aka tafa, shugabarmu ta rungume ni. Wani ya tambaya ko an samu wata matsala a hanya. Na ce akwai, a ɗakin wanki take, duk wanda zai liƙa kati ya fara sauka ya ga su wa ke can. Shugabarmu ta kalli agogo, aka wuce tambaya ta gaba.

Su ma nan suna da katin a banɗaki, da hoton ganye kore. Ra'ayina bai canza ba, ruwa ba abin wasa ba ne, ko gobe haka zan faɗa. Kawai dai da rana da na leƙa ta tagar baya na hango wata mata tana tura kwandon wanki, tana yi tana dafe ƙugu.

Tawul biyu suka sa mini. Ɗaya na taɓa. Da zan fito cin abinci na waiga, duka biyun suna ƙasa. Ƙarfen ratayar ne mai santsi, ina jin. Ban ɗauka ba.