Hantar Baba a Talabijin

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Hajara da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Roni lafiya lau, gero har ya fitar da kai.

Mun kai Baba asibiti Kano saboda ciwon gefen cikin nan nasa. Tun da ya ji hantarsa za a duba ya shiga neman gafarar kowa, don shi a sana'arsa ta fawa bai taɓa ganin hanta ba sai an sa wuƙa.

Yaya, ko allura ba a yi masa ba! Wata likita ce mai haƙuri ta shafa masa wani mai, ta goga wani ɗan abu a cikinsa, sai ga hoto a talabijin. Ta nuna masa ƙoda, ta nuna masa hantar da ta fi ta haske sosai, ta ce hasken nan kitse ne, amma in ya kiyaye abinci zai ragu.

Baba ya ƙura ido, can ya ce, "Likita, Allah ya ƙara ilimi. Tun ina yaro sai na yanka nake ganin hanta. Yau ga tawa ina kallo, ina numfashi."

Yanzu ya bar kitse. Ka taya mu addu'a ya jure, don jiya na tarar da shi yana yi wa tozo kallon bankwana.

Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Rabi