Baƙar Wayar da Ke Ƙarƙashin Sitiyari

Burumburum, Tudun Wada.

Zuwa ga Yaya Zakari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da iyali da duk 'yan uwa na Fatakwal. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, an gama cire masara, Ramla ma ta yaye yaronta.

Yaya, na san labarin ɗanka Ɗantani ya riga takardata isa, cewa na'urar duba mota da ka aiko masa ta ƙone motar maigidana, Malam Isa. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da kowa.

Ran Litinin Malam ya ga fitilun gaban sitiyari suna ƙyafƙyaftawa, mota tana fizga, sai ya kai ta garejin Ɗantani a Tudun Wada, ni ma na bi shi zan sayo zare. A gabana Ɗantani ya durƙusa ya cusa igiyar na'urar a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. Na'ura ta yi haske ta ɗauke, mota ta mutu, aka murza makulli har aka gaji. Direbobin tasha suka taru. Wani Ɗanliti yana dariya yana cewa ai ga likitan zamani ya yi wa mara lafiya allurar ƙarshe. Malam bai yi dariya ba. Ya ce ya ba Ɗantani kwana uku, in ba ta tashi ba zai tsaya a tsakiyar tasha ran kasuwa ya faɗa wa kowa kada ya kuskura ya kawo masa mota. Ka san garejin nan bai kai wata biyar ba, kuma da shi yake ci da iyalinsa.

Kwana biyu Ɗantani yana kanta, ni ma kullum ina zuwa da sunan kai masa fura. Ya fara zargin igiyar, sai ya gwada ta a motar maƙwabcinsa, ta yi aiki sarai. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Daga nan ya ɗauko ɗan ƙwan fitila mai waya biyu. Ya nuna mini kafar tana da ƙananan ramuka goma sha shida. Ya sa waya ɗaya a ramin wuta, ɗayar ya taɓa ƙarfen ƙofa, fitila ta kama. Ya ɗauke wadda ke ƙarfen ƙofa ya sa ta a wani ramin, fitila ba ta kama ba. Ya ce Gwaggo, wuta na zuwa, hanyar komawarta ce ta yanke, domin akwai baƙar waya da ake ɗaure ta da jikin ƙarfen mota, in ta saki komai sai ya rikice. Ya bi ta da yatsa har ya same ta tana reto, ta fita daga ƙarƙashin wani noti.

Da na ga notin nan, Yaya, sai na gane shi. Ran Lahadi ina share ragowar masara a motar na ga layar da marigayiya mahaifiyar Malam ta ba shi. A wannan notin ya ɗaure ta, zaren ya saki har tana taɓa inda yake taka takalmi. Ka san yadda Baba ya hore mu a kan rubutun da ke da ayoyi. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ɗauko filayar keken ɗinkina na kwance notin, na cire layar na rataye ta a madubi, na mayar da notin da hannu. Wallahi ban lura da wata waya ba.

Ɗantani ya kalli sabon karcen filaya a jikin notin, ya kalli layar da ke madubi, ya kalle ni. Ya goge tsatsa, ya mayar da wayar ya matse, mota ta tashi da murzawa ɗaya, na'ura ta karanta. Da Malam ya tambayi wa ya kwance, sai ya ce wataƙila gargadar hanya ce. Malam ya ce gargada ba ta barin sawun filaya, Ɗantani ne ya kwance da gangan don a ce ya iya aiki, kuma maganar tasha tana nan. Ina tsaye a wurin, na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da nake neman gafararka a kai, ya fi kwance notin nauyi a wurina.

Yau Alhamis da safe, gobe kasuwa, na kai wa Malam koko na durƙusa na faɗa masa duka, na ajiye filayar a gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Bai sha kokon ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Na wuni ban san inda ya nufa ba, abinci ma ya ƙi shiga. Sai bayan la'asar Rabi matar Ɗantani ta kira ni, ta ce Malam ya zo da mota ya tsaya a ƙofar gareji, ya aika aka kira Ɗanliti da sauran direbobi, ya ce a gabansu ya zargi Ɗantani, a gabansu zai ba shi haƙuri. Ta ce bai ambaci sunana ba, cewa ya yi daga gidansa kuskuren ya fito.

Da ya dawo bai yi mini magana ba har yanzu, ban kuma san yaushe zai yi ba. Amma na leƙa motar, layar tana nan a madubi inda na rataye ta, ya canza mata sabon zare.

Ka gaishe mini da Yaya Tasalla da Rufaida da Mudassir. Ka kira Ɗantani ka sa masa albarka, ya rufa mini asirin da ya kusa cinye masa sana'a. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Barakatu