Turawa Sun Sace Maka Yaɓe

Zuwa ga Malam Ɗanjuma Magini. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, wannan takarda ta fito daga ofishin Shugaban Maginan Amurka baki ɗaya, wanda ba a ɗora bulo a Washington sai da izininsa.

Ina sanar da kai cewa Turawa sun sace maka sana'a.

Na je Napoli, wani tsohon gari a Italiya, bikin sunan ɗan yayana. Malam, bangayensu duk sun ɓare: rawaya a sama, ja a ƙarƙashi, ruwan sama ya ja musu layi kamar hawayen mai kwalli. An yi liƙi, liƙin ma ya tsufa. Ga mutane sun tsallako teku suna ɗaukarsu hoto! Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don bangon zaurenka ne sak, wanda wani jikanka marar kunya yake ce wa mai ƙazuwa.

Ka tuna shi? Kafin damina kana yaɓe, yana bin bayanka yana danna tafinsa a ɗanyar laka. Kakan ɗaga sanda, amma ba ka taɓa shafe wurin ba. Cewa kake, bangon da babu shaidar hannu bai da mai shi.

Da na dawo Silver Spring, inda nake zaune kusa da Washington, wata Hajiya 'yar Kumasi ta ba ni fentin gidan abincinta, aikin farko da na karɓa ba a ƙarƙashin maigida ba. In na ɓata, masallacinmu kaf sai ya ji, ba mai ƙara kirana. Fari tas ta ce. Na yi bango uku fari. Na huɗun sai na ajiye burushi, na kwaɓa ja da rawaya, na yaɓa da hannu, sawun yatsu na fita kamar naka.

Ta shigo ta saki salati. Na fara duba ƙofa. Sai mahaifinta, tsoho tukuf, ya ɗora tafinsa a bangon, ya daɗe bai ɗauke ba. Yanzu teburin gindin bangon ake rububi, an kuma ce in yaɓe sauran ukun.

Can ƙasa, bayan tebur, na danna tafina. Ba wanda ya ɗaga mini sanda, Kaka. Wannan kaɗai ya rage.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka gidan da ba ya neman yaɓe.

Shugaban Magina kuwa ƙarya ce, digirina allo ne. Ni ne dai Sani, jikanka, ɓarawon goronka, wanda har gobe matarka take kira mijinta na gaskiya.