Ta'aziyyar Inna Mai Sallama, da Saƙon Baba Tela ga Iyalanta

Cikin alhini da ruɗewa, da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Taimaka wa Majinyata ta sashen tsofaffi na asibitinmu tana sanar da iyalai, da 'yan uwa, da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a wurinmu, rasuwar uwarmu, malamarmu, babbar cikinmu kuma mai ba ƙungiya shawara, wadda babba da yaro suka sani da Inna Mai Sallama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba labari aka kawo mana ba, a gabanmu abin ya faru, shi ya sa har yanzu kanmu bai dawo daidai ba. Ranar Laraba da hantsi ta gama yi wa majinyata wanka, ta canza zannuwan gado, ta rataye rigar aikinta a ƙusa, sannan ta zauna a bencin da ke baranda ta cire takalmi. Ta ce min, “Auta, duba min ruwan zafin nan, bari in ɗan huta ƙafa.” Can sai ga mai goge ƙasa ta iso wurin da bokitinta, ta ce, “Inna, ɗaga ƙafa.” Shiru. Ta yi dariya ta ce, “Yau kuma sarauta ake ji?” Inna ba ta ɗaga ba. Likita ya zo a guje, ya yi iya yinsa, daga baya ya ce zuciya ce. Mu da aikinmu ke nan lura da numfashin mutane, muna ta wucewa ta gabanta da tire da bargo, kowa na cewa a bar ta ta huta. Wallahi har yanzu in na bi ta barandar nan sai na kalli bencin.

Ina roƙon masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Mai girma kakakin ƙungiya ƙawar marigayiya ce tun suna 'yan mata, tana can gidan rasuwa, ko magana ba ta iya yi. Shi ne mai girma Shugabar ƙungiya ta ce ni in rubuta, alhali ni ce sabuwar zuwa, kuma karatuna bai yi nisa ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Marigayiya ta yi wa wannan sashe hidima tun kafin a haifi wasunmu, kuma babu wata mai riƙe da cokali ko soso a nan da ba ta hannunta ta biyo ba. Ranar da na fara aiki na zo da tunanin ƙarfi kawai ake buƙata, a ɗaga mutum, a wanke shi, a juya shi. Ko sunana ba ta tambaya ba, sai ta ce, “Kin karya?” Na ce a'a. Ta ce, “Je ki sha shayi tukun. Ba na son mai jin yunwa ta ba majinyacina abinci, sauri za ki yi masa.” Sunan Mai Sallama kuwa ya samo asali ne daga yadda ba ta taɓa ɗaga labulen gadon majinyaci ba tare da ta yi sallama ba, ko da mutumin ba ya cikin hayyacinsa. Takan ce labulen nan shi ne ƙofar gidansa yanzu, ba shi da wata. Sai ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi kafin ta taɓa shi, ta faɗa masa abin da za ta yi masa, ta rufe masa jiki da zani in tana masa wanka, ta buɗe inda take wankewa kaɗai. In za ta yi magana da shi sai ta jawo kujera ta zauna, idonta daidai da nasa.

In muka kai mata ƙarar wani tsoho ya cika rigima, sai ta harare mu ta ce, “Kun duba ƙishi? Fitsari fa? Sanyi yake ji, ko zanin gado ne ya naɗe masa a baya? Yaushe rabon da nasa su zo?” Kusan kullum a nan ciki ake samun rigimar. Amma abin da ya fi ɓata mata rai shi ne mutum biyu su tsaya gefe da gefen gado suna hira ta saman majinyaci kamar babu kowa a kwance. In ta kama mu sai ta ce, “Bakinsa ne ya mutu, kunnensa da ransa.”

A nan ne ƙungiya take ganin ya zama dole ta sanar da iyalai wani abu da ya biyo bayan rasuwar, domin yana da nasaba da abin da za a kawo musu. Muna da wani dattijo a gadon da ke bakin taga, muna ce masa Baba Tela saboda sana'arsa ke nan kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ɗauke masa magana da hannun dama. Da aka kawo shi ta roba ake ba shi abinci ta hanci, yana kuka yana fizge ta. Inna ce ta zauna da shi da cokali har ya koma haɗiya, aka cire robar. Ita ce kuma ta gano maganarsa ta koya mana. In ya matse hannunki, eh ke nan. In ya saki, a'a. In ya taɓa leɓe, ruwa yake so. In yana murza yatsu kamar mai taɓa yadi, to zanin gado ne bai miƙe ba, domin har yau telan da ke cikinsa ba ya son ganin yamutsattsen ƙyalle. Akwai wasa a tsakaninsu. Aljihun rigar aikin Inna ya daɗe da yagewa, kullum sai ta nuna masa ta ce, “Angona, wai yaushe za ka ɗinke min? Wane irin tela ne wannan, sai ci ba aiki!” Shi kuma sai ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki.

Da Inna ta rasu, sai muka haɗa baki, don tausayi, kada a gaya masa. Muka ce masa ta tafi hutu. Washegari Baba Tela ya rufe bakinsa. Ba abinci, ba shayi, ko ruwa in an kai masa sai ya juya fuska bango. Muka duba zanin gado, muka duba bayansa, muka canza kofi, muka canza mai ba shi. In ka ba shi hannu sai ya bar shi a sake. Leɓensa ya bushe, fitsarinsa ya ragu, likita ya ce in bai sha ba zuwa la'asar ɗin Juma'a, dole a mayar masa da robar hanci, abin da ya fi tsoro a duniya. Muka tsaya a baranda muna kallon juna, kowa na cewa da Inna na nan da ta gane.

Mai goge ƙasa ce ta jingine sandarta ta ce, “Wai ku, ba a kansa kuka yi zancen wankan gawa ba jiya, kuna canza masa zani? Ni ina ƙarƙashin gado ina goge-goge na ji, shi da ke kwance a tsakiyarku fa? Kuka gama kuka dube shi kuka ce ta tafi hutu.” Abin da Inna ta fi hana mu, shi muka yi, kuma a kan mutuwarta.

Mai girma Shugaba ta nufi gadon Baba Tela. Ta je ta tsaya a bakin labule ta yi sallama, ta murza hannunta, ta jawo kujera ta zauna, ni ina bayanta riƙe da kofi. Ta sa hannunta cikin nasa na hagu ta ce, “Baba, mun yi maka ƙarya. Inna ba hutu ta tafi ba. Ta rasu ranar Laraba a bencin can, an yi mata sutura. Ka ji a bakinmu ta saman kanka, ba mu dube ka mun gaya maka ba. Ka yafe mana.” Daga nan ta yi shiru ta jira, yadda aka koya mana, ba ta cika shi da surutu ba. Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya juyo, hawaye na bin gefen kunnensa, ya matse hannunta.

Na matso da kofin, sai ya kau da kai, ya ɗaga hannu yana wani abu da ba mu taɓa gani ba: ya haɗa yatsu biyu yana sokawa yana ja. Muka ce zanin gado? Ya saki hannu. Muka ce ciwo? Ya saki. Ya yi ta nuna ƙofa yana sokawa yana ja, har Shugaba ta ce, “Rigar Inna?” Ya matse har sai da ta ce wash.

Da izinin babbar nas muka ciro rigar daga ƙusa, aka samo allura da zare. Muka tayar da shi zaune da matashin kai, ni na zura masa zaren, Shugaba ta riƙe masa aljihun a miƙe. Da hannun hagu ya ɗinke shi, yana yi yana hutawa, yana huci, kuma sai da ya harare ni don na bar ƙyallen ya tattare. Da ya kai ƙarshe ya sa aka ƙulle, ya shafa ɗinkin da babban yatsa, sannan ya taɓa leɓensa. Ya shanye kofin, aka ƙaro. Ba a mayar da robar ba.

Saboda haka ƙungiya, a madadin shugabanninta da dukkan mambobinta, da majinyatan wannan sashe, masu magana da marasa magana, tana miƙa ta'aziyyarta ga mai girma maigidan marigayiya, da 'ya'yanta, da jikokinta, da 'yan uwanta na kusa da na nesa. Allah Ya jiƙan ta, Ya gafarta mata, Ya rufa mata asiri yadda ta rufa wa bayinSa a lokacin da ba sa iya rufa wa kansu. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, mu ma Ya ba mu, Ya sa mu riƙe abin da ta bar mana.

Wakilan ƙungiya za su kawo muku kayanta, takalminta da kofinta da rigar aikinta. Za ku ga ɗinkin aljihun a karkace, wani wurin ya yi faɗi, wani ya matse, zaren ma ba kalar rigar ba ne. Muna roƙonku don Allah kada a warware shi, kada a kai wa wani tela ya gyara. Mun tambayi Baba Tela ko wannan ce ta'aziyyarsa gare ku, ya matse hannu.

Sa hannu:
Auta, kamar yadda Inna ta sa min a wurin aiki,
Mai riƙon muƙamin kakaki,
Ƙungiyar Masu Taimaka wa Majinyata, sashen tsofaffi.