Kunnuwan Najeeba da Jirgi Mai Fanka

Tudun Wada, Gombe
Ranar Lahadi

Zuwa ga Baffana, Bamanga,

Assalamu alaikum. Baffa, amsa nake so daga wurinka kafin ranar Alhamis, a rubuce, don Allah kada ka ce sai ka shigo gari. Jummy ta ce ba haka ake fara wasiƙa ba, wai gaisuwa ce a gaba. To, ina gaishe ka. Yaya ƙafar, yaya Goggo da ciwon bayanta, yaya mutanen Dukku gaba ɗaya? Allah ya ƙara muku lafiya. Jummy maƙwabciyata ce, tela ce, ni nake faɗa ita take rubutawa. Ka san ban yi boko ba, kai kuma waya ba ta da amfani a wurinka.

Maganar Najeeba ce. Watanta bakwai yanzu, amma in ka ɗauke ta sai ka ce uku. In ta kama nono ba ta daɗewa sai ta saki tana haki, gumi ya jiƙe mata goshi, leɓenta ya yi duhu. Likita ya sa mata na'ura a ƙirji, ya ce zuciyarta ce ke da huji. Ya ce wasu likitoci sun zo Abuja suna yi wa yara irin wannan aikin kyauta, sati biyu kawai za su yi, kuma sunanta ya fito. Sai dai ba za ta iya awa tara a mota ba, ga zafi ga ramuka. A jirgin sama za a sa mu ranar Asabar, ni da ita da wata nas, Sista Debby. Ranar Alhamis yake so ya ji e ko a'a. In a'a ne, wani yaron za a ba gurbin.

Baffa, na yi abin kunya. Na ce wa likita sai na yi shawara da maigida. Ƙarya na yi masa. Maigidan nawa Mudathir tun ranar farko ya yarda, ya ce shi da ke tuƙi a hanyar nan kullum ba zai ɗora 'yarsa a kanta ba. Shi a zatonsa na riga na ce e. Yanzu haka yana neman jakar da za mu tafi da ita.

Dalilina shi ne na tambayi Sista wane irin jirgi ne, ta nuna mini a wayarta. Baffa, mai fanka biyu ne, irin na hoton nan da ke rataye a ɗakinka. Ni ba faɗuwa nake tsoro ba, wannan na Allah ne, mota ma tana faɗuwa. Kunne nake tsoro. Duk Dukku babu wanda bai san jirgi mai fanka ne ya cinye maka kunne ba. Tun ina ƙarama nake jin Goggo tana faɗa. Kai da ƙarfinka da girmanka ya yi maka haka, ina ga jaririyar da kunnenta bai kai ganyen zogale ba? A gyara mata zuciya, in dawo da ita ba ta jin muryata?

Kuma abin da ya fi damuna, ni jirgin nan tun ina yarinya nake son sa, saboda kai. Bayan rasuwar Babanmu da muka koma gidanka, ka tuna in an yi la'asar kana zaunar da mu a tabarma kana ba mu labarin aikinka a filin jirgin Jos? Ka ce sau ɗaya a shekara ana ba ma'aikata tikiti, kai kuma ba inda kake son zuwa, hawan kawai kake so, sai ka je Yola ka sha fura ka dawo. Ka ce ba ya nisa da ƙasa, kana iya ganin shanu da makiyayi da malafarsa. Ka ce wata rana kun bi ta kan Gombe, lokacin ba ta da filin jirgi, ka ga layin dogo kamar zare. Ka ce ana zagayawa da alewa a faranti. Mu alewar nan kawai muke jira a zo wurinta a labarin.

To ka faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Abin da ka ce shi zan yi. Direban da zai kawo maka wannan daga Tashar Dukku zai dawo jibi, ka ba shi amsar.

Ka gaishe da Goggo, amma kada ka karanta mata wurin ƙaryar.

'Yarka,
Bashira

Tudun Wada, Gombe
Ranar Alhamis

Baffana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kun tashi lafiya kai da Goggo. Mu ma lafiya, Najeeba ta ɗan yi tari jiya amma ya lafa.

Saƙonka ya iso ranar Talata, takarda huɗu da ƙulli a leda. Sau uku na sa Jummy ta karanta mini, har ta ce ɗinkin mutane yana jiran ta. Faɗan da ka yi mini a kan ƙarya na ji, na karɓa. Amma Baffa, kai ma ai ashe kana da taka. Shekara nawa ka bar Goggo tana zagin jirgi a banza?

Da muka kwance ƙullin, Jummy ta yi dariya har ta riƙe ciki. Marufin kunne, ja, mai ƙarfe a sama, sabo fil kamar yau aka saye shi. Ka ce ranar da ka kama aiki aka ba ka, aka ce duk wanda zai tsaya a gaban fanka ya sa. Kai kuma saurayi, ka ga zai ɓata maka zaman hula, ga fasinjoji mata suna leƙowa ta taga suna kallon mai ɗaga wa jirgi hannu, sai ka jefa shi a akwati. Shekara goma sha tara kana tsaye a waje, taku kaɗan tsakaninka da inji, yana ƙara kamar ana busa usur a cikin kai. Ka ce wannan ne ya tafi da kunnenka, ba zaman ciki ba. Ka ce a ciki gurnani ne kawai, kuma ba ka taɓa ganin abin da ke sa jarirai barci kamar sa ba.

Na gwada wa Najeeba marufin. Ya fi kanta girma, ya zame ya sauko mata wuya. Na dai sa shi a jaka.

Sauran abubuwan na haddace su, Jummy tana yi mini tambaya kamar a islamiyya. In nemi kujerar baya, nesa da fanka. In ba ta nono lokacin tashi da lokacin sauka, saboda haɗiya ce ke buɗe kunne, dalilin alewar ke nan ashe, mu muna zaton kyauta ce. In na ga fanka ɗaya tana juyawa ɗaya tana tsaye alhali muna ƙasa, kada in yi ihu, haka ake tayar da su, ɗaya bayan ɗaya. In jirgi ya yi rawa a sama in ɗauka hanyar Dukku ce da damina. In leƙa taga in ga yadda taya ke naɗewa ta shige ƙarƙashin fiffike, ka ce duk hawan da ka yi ba ka taɓa gajiya da kallon wannan ba.

Wurin da ka rubuta cewa har yanzu in ka kwanta kana jin gurnanin nan a ƙirjinka, shi kaɗai ne sautin da bai bar ka ba, Jummy ta tsaya da karatu.

Yau da safe na je asibiti. Likita yana ganina ya tambayi me maigida ya ce. Na ce maigida ya daɗe da yarda, ni ce ban yarda ba sai yanzu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta sunanta. Da na dawo na gaya wa Mudathir komai. Ya yi fushi, ya fita ya zauna a cikin motarsa ko kunna ta bai yi ba. Can ya shigo ya tambaye ni ko na sa wa yarinya rigar sanyi a jaka, wai an ce cikin jirgi da sanyi.

Har yanzu ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma zan hau. Ku sa mu a addu'a jibi da hantsi.

Taka,
Bashira

Asibiti, Abuja
Ranar Juma'a

Baffa,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina gaida Goggo. Sista Debby ce ke rubuta wannan, za ta ɗauki hotonsa ta tura wa Jummy ta kwafe maka. Ta ce in fara da babban labari kada in bar tsoho da zullumi. To, an yi aikin ranar Litinin, awa biyar, kuma ta farka. Alhamdu lillahi. Yanzu bari in ba ka labarin jirginka, don na san shi kake jira.

Mudathir ya kai mu filin jirgin Lawanti tun da wuri. Da aka fito da mu muka taka zuwa wurin jirgin, na rungume Najeeba ina ƙare masa kallo. Fari ne, fiffiken a sama kamar yadda ka ce, amma ta baya ake shiga. Na ga mai irin aikinka, da riga mai walƙiya da sanduna biyu a hannu. Ya sa marufin kunnensa, Baffa. Na duba da kyau.

Mun sami kujerar baya. Sista ta ajiye tukunyar iskar numfashin Najeeba inda aka nuna mata. Inji ya kama ƙara, fanka ɗaya ta fara juyawa, ɗayar tana tsaye. Wata Hajiya da ke gefenmu, da gwala-gwalai har gwiwar hannu, ta fara salati da ƙarfi tana cewa ɗaya ta lalace, a sauke ta. Ni ce na dafa ta na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, haka ake tayar da su, ɗaya bayan ɗaya." Ta tambaye ni sau nawa na taɓa hawa. Na ce Baffana ma'aikacin jirgi ne. Kafin in rufe baki ɗayar ta kama. Har muka sauka duk abin da ya motsa ni take kallo.

Da ya fara gudu na ba Najeeba nono na rufe ido, sai na ji ƙasa ta sake mu. Na buɗe don in ga taya, ban ga komai ba. Na tambayi yarinyar da ke rabon abinci, ta ce na wannan a ciki suke shigewa, ba a gani. Ka ga ba irin naka ba ne sak, ƙanensa ne. Alewa ma babu, ruwan roba da biskit aka ba mu. Shanu kuwa ban gani ba, ko ya fi naku tashi sama ne ko idona ne. Amma na ga duwatsu, na ga wani kogi yana sheƙi, na ga gonaki kamar an shanya zannuwa. Gurnanin kuma gaskiyarka, ta ƙafa yake shigowa ya hau har ƙirji. Najeeba ta yi barci tun kafin a kawo ruwan. Ni da na ce ba zan ko motsa ba, da aka ce mun iso sai na ji kamar an katse mini wani abu.

Marufinka ni na sa shi ranar aikin, ina zaune a bakin ƙofa, don kada in riƙa jin takun masu fitowa ina zabura. Mutane suna ta kallona. Ban damu ba.

Kwana biyu tana ɗakin da ba a barin uwa ta zauna, da robobi a hanci da hannu. Shekaranjiya aka dawo mini da ita. Jiya ta kama nono, na zauna ina jiran ta saki ta yi hakin da ta saba. Ba ta saki ba. Ta shanye ɗaya, na juya ta ta kama ɗayan. Na taɓa goshinta, a bushe. Leɓenta ja kamar na kowane yaro. Ɗazu kuma wata mai shara ta yar da faranti a can ƙarshen ɗaki, Najeeba ta firgita ta tsala kuka. Matar ta zo tana ba ni haƙuri, ni kuwa dariya nake yi da hawaye, ta rasa me ke damuna.

Likita ya ce in komai ya tafi daidai, Asabar ta sama za a sallame mu, kuma a jirgin nan za mu dawo. Ga abin da nake so. Ka zo Lawanti ka tarye mu. Na tambaya, akwai wurin da masu jira ke tsayawa suna ganin saukarsa ta gilashi. Na san za ka ce ƙafa, za ka ce nisa, za ka ce wa zai ba awaki ruwa. Kada ka wahalar da biro. Na riga na gaya wa Mudathir, zai zo Dukku ranar Juma'a mai zuwa ya ɗauko ka a gaban mota. Na gaya wa Goggo ta wayar maƙwabta, ta ce ta wanke babbar rigarka, kuma ita ma za ta zo ta ga abin da ta yi shekaru tana zagi. Na gaya wa Jummy ta gyara muku ɗaki. Kai kaɗai ka rage, yanzu kuma ka ji.

Allah ya kai mu lafiya.

'Yarka,
Bashira